Kwana Biyu a Wikki

Shekara ashirin da uku ina ce miki sai baɗi,
baɗi ta yi ta zuwa, har ta haifa mana 'ya'ya biyar.
Ran Juma'ar da na kwashi adashen 'yan layinmu na Wunti
na kulle shago da ɗinkin mutane a ciki,
na ce, Lantana, haɗa kaya.
Kika ce, wa ya rasu?

Muka haye gadar Dindima kina lissafi:
ko kin rufe gas, ko Yasira za ta tuna da maganin Inna.
Bayan ƙofar Mainamaji waya ta ɗauke.
Kika ɗaga ta sama kamar mai duban wata,
kika jefa ta jaka,
sai kika rasa inda za ki ajiye hannuwanki.

Ɗakin da suka ba mu ya girmi aurenmu.
Bango mai kauri, fanka mai tarin tsofaffi,
tawul biyu farare an murɗe su kamar alkaki.
Kika shafa zanin gado, kika ce, nawa ne kwanan?
Na faɗi rabi.
Rabin ma sai da kika yi salati.

Daren farko mun zauna kamar baƙi a bencin asibiti.
Ba kuɗin makaranta, ba mai gidan haya, ba yaro mai zazzaɓi.
Ashe hirarmu duk aro ce daga matsala,
da aka karɓe ta kwana ɗaya
sai ga mu hannu rabbana, muna sauraron gyare.

Da safe gwaggon biri ya shigo ba sallama,
ya sungumi kular dambun naman da kika kwana kina daka,
ya haye rufi, ya buɗe murfin kamar shi ya saya,
yana ci yana harara ta.
Na bi shi da takalmi ƙafa ɗaya, hula ta faɗi,
kika yi dariya har ɗankwali ya zame.
Rabona da wannan dariyar
tun ɗaki ɗayanmu na Jahun,
daren da ruwan sama ya raba mu da katifa.

Giwa kam ba mu gan ta ba.
Sai karyayyen reshe, sai kashinta a kan hanya.
Mai rakiya ya ce, jiya war haka suna nan.
Kika raɗa mini, haka arziki yake mana,
kullum jiya ya wuce ta ƙofarmu.

Da la'asar muka gangara Wikki.
Ruwa na fitowa daga ƙarƙashin dutse da ɗuminsa,
kamar wata uwa ce a ciki take hura masa wuta.
Kika zauna a matakala, kika tsoma ƙafa kawai,
farin yashi na motsi a tsakanin yatsunki.
Nan na ga tabo a idon sawunki.
Na ce, yaushe?
Kika ce, tafasasshen kunu, shekarar Mujahid,
kana shago kana ɗinkin salla.
Ni da nake auna kafaɗun gari da tef,
na san ƙugun kowa a Bauchi,
ban san ƙafar matata ba.

Kunya ta sa na nutse.
Na daɗe a ƙasa, idona a buɗe, ina kallon hasken sama yana rawa.
Ta cikin ruwa na ji shi, a karye, a tsorace:
Bappayo!
Sunan da bakinki bai taɓa ɗauka ba,
ko a faɗa, ko a ɗakin haihuwa.
Dutse ya karɓa ya maimaita.
Na taso ina tari, kina cikin ruwa har ƙugu,
kin jiƙa atamfar da kika hana kowa taɓawa,
kina cewa ba ke kika faɗa ba.

Ran Lahadi a Mainamaji waya ta farfaɗo,
kira goma sha ɗaya, takwas na masu ɗinki.
Kafin Dindima na koma Baban Yasira.
Ba komai.
Kular tana kan cinyarki, wayam, da shatin haƙori a murfi,
na ce a yar, kin ƙi.
Ni kuma har yau in na zazzage aljihun wandon nan
farin yashi yake zubowa a kan keken ɗinki.