Wuƙata a Gidan Istifanus

Shekara goma sha ɗaya a Tumfure,
katanga ɗaya muke jingina,
famfo ɗaya muke jira ya tuna da mu.
Istifanus, mutumin Kaltungo, mai gyaran janareto,
in ya yi dariya har kajina sai sun watse.

Duk ƙarshen Disamba yakan leƙo:
"Malam Barau, zo da wuƙarka,
ka yanka da bisimillarka, don yaranka su ci."
Ni kuwa in ragon layya ya kwanta,
cinyar fari ta Keziya ce, matarsa.
Takan karɓa da "Barka da Sallah",
ba ta taɓa tuntuɓe a kan kalmar ba.

Bana ɗana Mudassir ya dawo daga karatu
da sabon gemu, da tausayina a idonsa.
"Baba, nama daban, gaisuwa daban.
Kada baki ya shaida abin da zuciya ba ta shaida ba."
Na tambayi limaminmu, ya ce a kiyaye harshe.
Na tambayi wani a Bolari, ya ce maƙwabci
saura ƙiris ya ci gado.
Na dawo da amsa biyu a aljihu ɗaya,
suna gugar juna kamar mukullai.

Ranar ta zo. Na wasa wuƙa.
Ya danne ƙafafun akuya, na fuskanci gabas.
Jini ya bi kwata,
kwatar da ba ta tambayar daga gidan wa.
Muna fiɗa, gaisuwa ta tokare mini maƙogwaro
kamar ƙayar kifin Dadin Kowa.

Shi ya gane.
"Bar ta inda take, Malam.
Hannunka ya riga bakinka."

Na ɗauraye wuƙa. Na ce, "Sannu da hidima.
Allah ya kai mu baɗi da rai da lafiya,
ya tsare mu da ranar da za mu kulle ƙofa da hantsi."
Ya ce amin, ya daɗe yana shafa fuska.

Bayan azahar shinkafa ta iso, tana tiriri.
Mudassir ya ci, ya ƙara.
Kwano ba ya komawa wayam,
uwarsa ta cika shi da dabino.
Shi ya ɗauka da kansa.
Ya jima a can.

Abin da ya faɗa a bakin ƙofar,
har yau ban tambaye shi ba.