Bashin Fartanya Bakwai

A makaranta an ce mana ta ƙofar fada ya shigo,
sarki ya karɓa, gari ya bi.
Kakata Hakama ta yi tsaki, ta murza mazarinta:
"A gidanmu dai, ta bakin randa ya shigo."

Tun ganuwa ba ta kai ƙugu ba,
kakan kakanmu Korau yana ƙira a gindin Kufena.
Wata damina Kubanni ta cika ta batse,
ta tare wani Bawangare mai jakai huɗu,
da gishiri, da allurai, da tari mai naci.
Lamin sunansa. Ya roƙi zaure na kwana uku,
ya yi wata biyu.

Shekara, matar Korau, ita ta fara ƙorafi:
"Wannan baƙo ne ko agwagwa?
Asuba ruwa, rana ruwa,
kafin kaji su shiga akurki ya sake wanke ƙafa.
Wuyana ke ɗauko tulun nan daga rafi."
Lamin ya ji. Tun duku-duku
shi ya cika randar har ta tumbatsa.

Korau kuwa ido ya zuba.
Ya san mai durƙusa wa tsamiya,
ya san mai yi wa dutse yanka,
amma wannan yana kai goshi ƙasa
ba komai a gabansa sai rumbun dawa.
"Dawata kake roƙo?"
Lamin ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.
"Wanda ya tsirar da ita."
"Yana jin ka daga nan?"
"Ko na rufe baki."
Korau ya koma kan zugazugi, bai ce uffan ba.

Da ruwa ya janye, baƙo ya ɗauki fartanya bakwai bashi.
Ya tsoma alƙalami, ya jera tururuwa a takarda biyu,
ɗaya ga maƙeri, ɗaya cikin gafaka.
Shekara ta ce, "An ci ka da rana tsaka.
Ka ba da ƙarfe, ka karɓi ganye."

Damina uku. Huɗu.
Gara ta cinye ganyen a tsakanin azara.
Korau ya daina lissafi.

A ta biyar, ana tsakiyar girbi, saurayi ya yi sallama,
goshin Lamin, muryar Lamin, babu tarin.
"Mahaifina ya cika a hanyar Gwanja.
Ya ce kada a taɓa gadonsa
sai an sauke masa wannan."
Ya warware takarda ya karanta:
sunan Korau, sunan dutsen,
fartanya bakwai, har da mai karkataccen baki.
Ya sauke gishiri da baƙin zane.

Korau ya daɗe yana kallon ganyen nan
da ya riƙe maganar mamaci bai zubar ba.
"In bai biya ba, wa zai kama shi?
Yana ƙarƙashin ƙasa."
Yaron ya ce, "Ai can ake tambaya."

Ban ce ya yi salla ran nan ba.
Hakama ta ce har ya tsufa
yana kai wa dutse baƙin bunsuru in ruwa ya yi jinkiri.
Amma ya share gefen maƙera, ya jera duwatsu,
ya ce matafiya su riƙa tsayuwa a nan,
ya ajiye musu randa tasu.
Autarsa Gwamma ta riƙa laɓewa tana kwaikwayo,
ta ja alif da gawayi a bayan rumbu,
aka goge, ta sake ja.
Jikanta ne ya fara limanci a unguwarmu.

Yau da la'asar na biyo ta Ƙofar Kuyambana,
ladanai na karɓa wa juna lungu zuwa lungu,
Kufena na can, shiru,
kamar bai taɓa lasar jini ba.
Na zo daidai teburin mai shayi,
na tuna yana bi na ɗari biyu tun Laraba.
Bai gan ni ba.
Na tsaya, na laluba aljihu.