Gwangwanin Kalmomi

Daga Tudun Hatsi nake dawowa, ƙaiƙayi a wuyan riga,
aljihuna cike da rasit ɗin da ya gama aikinsa:
wake buhu goma, masara bakwai, saura bashi.
Bayan takardar kuwa fari fes.
Mansura ce mai almakashi.
Ta yanyanka su kamar kuɓewar miya,
kowa ya rubuta kalma ɗaya, ya naɗe,
ya jefa a tsohon gwangwanin madara
da a da yake gidan allura da maɓalli.

Dokar ba ta da tsawo:
girgiza, rufe ido, ɗebi uku.
Abin da ya fito naka ne, babu musanye.
Ka ƙulla musu zumunci a takarda
kafin shayin uwarsu ya huce.

Goggo Petel ba ta yi boko ba,
amma ita ce attajirar wasan.
Takan raɗa wa Mansura a kunne, Mansura ta rubuta.
A hannunta muka samu faifai, da zabo, da kada,
da wata kalmar Fulatanci da ta rantse ba ta fassaruwa,
wanda ya ɗauko ta, shi ya sani.

Daren Laraba aka ɗauke wuta tun magariba,
duk Jekadafari sai kukan janareto.
Muka jingina wayata da kofi, haske ya kwanta a tabarma.
Na ɗauko akuya, asibiti, lema.
Na yi ta kame-kame layi huɗu,
suka ce, Baba, wannan lissafi ne,
akuyarka ko kuka ba ta yi ba.
Aka ci ni tarar gyaɗa.

Sai Tasi'u.
Shekara bakwai, da i'ina.
A aji in an ce ya karanta,
harafin farko kan tsaya masa kamar ƙayar kifi,
yara su ƙarasa masa, su kwashe da dariya.
Tun lokacin, fensir ma abokin gaba ne.
Ya sa hannu: kada, takalmi, rana.

Ya juya mana baya. Shayi ya huce.
Ba wanda ya tuna doka.

Mansura ta karanta, tana haska waya:
wani kada ya fito daga ruwan Dadin Kowa
yana son ganin Gombe,
amma rana ta gasa kwalta.
Mai takalmi ya ce, ƙafa huɗu gare ka, kuɗin mutum biyu.
Kada ba shi da ko sisi,
sai ya biya da haƙori, kowane takalmi haƙori ɗaya.
Da ya iso tasha, sai aka ba shi rake.

Goggo ta yi dariya har ɗankwalinta ya zame.

Ƙafar ba ta da lanƙwasa, haƙorin ma haka,
wani layin ya gangara kamar hanyar Kumo.
Uwarsu malama ce, hannunta ya nufi jan biro.
Na ce, kada.
Yaran suka ɗauka labarin nake nema a maimaita,
Mansura ta koma farko.
Shi kuwa leɓɓansa na bin muryar yayarsa,
babu inda ya yi tuntuɓe.

Ban san ya gano inda nake ajiye sabon littafin rasit ba.
Alhamis na yanka wa wani Alhaji Manu na Bajoga,
gero buhu shida, ya ninke ya tafi.
Ranar Litinin sai ga shi a rumfa,
bai tambayi farashi ba, ko zama bai yi ba.
Ya juya takardar, ya nuna mini rubutun fensir:
jikokina sun hana ni barci,
wai shin kadan nan ya iya shan raken?