Kyanwa a Baƙin Allo

Kwana arba'in da binne Haladu
na ɗaga murfin tsohuwar kwamfutarsa.
Ba hoto, ba fure, ba fuskar kowa,
baƙin allo kawai, kamar gindin tukunya,
da ɗan farin tsinke yana ƙifta ido
irin na mai jiran a fara yi masa magana.

A waje ruwan Sheffield na tsiyaya a taga.
Bas ɗin Darnall ta wuce, wani ne ke tuƙi.

Nusaiba ta jawo kujera ta ce, Umma,
nan ba a nuni da yatsa, tambaya ake yi.
Ta buga harafi biyu, sai ga su sun jeru,
fayil goma sha biyu, kowanne da sunan wata.
Ashe in ya dawo daga aikin dare,
ya ce bari ya huce kafin ya hau gado,
abin da yake yi ke nan.

Ta ce, rubuta cat, ki bi shi da suna.
Ta ce da Turanci kyanwa ke nan, ta yi dariya,
dariyar farko a gidan tun Disamba.
Ba ta kamun ɓera, Umma, zazzagewa ta iya,
abin da ke ciki ta zube miki a gaba.
In kin ba ta biyu sai ta ɗinke su,
ko zaren ba za ki gani ba.

Na miƙa mata Maris. Ta zubo:
"Wata tsohuwa ta manta laima a kujerar baya.
Gwiwa ta dame ni. Kuɗin gas ya hau.
Miyar Ladidi ta yi gishiri, na yi shiru na ƙara."
Na dafe baki. Shekara ashirin da uku,
bai taɓa cewa komai kan gishirina ba.

Agusta ya yi tsawo, ya tsere sama
kafin idona ya kama ko layi ɗaya.
Ta ce irin wannan ta kai ake kama shi
ko ta wutsiya, layi goma-goma.
Na nemi wutsiyar Disamba.
Layi uku ne duka duka,
na ukun ma ba a ɗiga masa aya ba.

Na ce a haɗa min su wuri guda.
Ta riƙe hannuna: kula da kan kibiyar nan.
In guda ce, share ɗaki take yi kafin ta shiga,
ba ta tambayar wa ke kwance a ciki.
In biyu ce, sallama za ta yi
ta zauna a ƙarshen tabarma.

Na sa tauraro, wato kowa ya zo,
na sa kibiya, na raɗa wa sabon suna shekara.
Na danna. Shiru.
Ta ce shirun nan shi ne an gama lafiya.

Amma kyanwa ba ta san kalanda ba,
abacada ta sani.
Afrilu ta sa a gaba, sai Agusta,
Disamba ya zo na uku, da layinsa mara aya,
kuma daf da shi, ba ko numfashi tsakani,
ga Fabrairu, ga Haladu yana kankare ƙanƙara a gilashi,
yana mitar sanyi, yana neman safar hannu.

Nusaiba ta ce, kash, bari in jera su daidai,
minti ɗaya ne.
Na ce bari tukuna, kai ni ƙasa.

Yuni ne a ƙarshe.
"Rana ta ƙi faɗuwa har tara da rabi.
Tumatirin bayan gida ya fara fure.
Gobe ba ni da aiki."

Ƙarƙashinsa tsinken nan yana ta ƙifta ido.
Na ce, bar shi haka.
Je ki ɗora ruwan shayi.