Azumin da Babu Lada

Ba tuba na yi ba,
kada Malam Tanimu ya yi saurin shafa fatiha.
Hutu na ɗauka.

Da can, zuƙa biyu a ƙarƙashin gadar Kwangila
sai in ga gadar tana numfashi,
tirelolin Kano na wucewa a hankali
kamar shanun da suka ƙoshi.
Bana kuwa naɗi shida kafin la'asar,
babu abin da ke yin sauƙi sai aljihuna.

Bawale mai sayarwa ya ce ba kayansa ne suka lalace ba.
"Jikinka ne ya yi kanta, kamar tafin maƙeri.
Bar ta wata guda ka dawo,
za ta tarbe ka tarbar baƙo."
Mai cin riba da ni, shi ya sallame ni.
Na yi dariya har Ƙofar Doka.

Daren farko ban yi dariya ba.
Na juya, na juya, tabarma ta gaji da ni.
Gumi ya jiƙa matashi, ga shi ba zazzaɓi.
Na ji agogon maƙwabci, na ji ɓera a rufi,
na ji ladanin unguwarmu yana gyaran murya
tun kafin ya kunna lasifika.

Rana ta uku tuwo ya koma audugar katifa a bakina.
Rana ta huɗu na daka wa yaron shagona tsawa
saboda zare ɗaya da ya harɗe.
Ilu bai ce komai ba. Ya warware, ya miƙo mini.
Allura ta soke ni sau uku a wuyan riga ɗaya,
ni da nake ɗinkin aska takwas ina hira.

Kowace safiya ina ƙulla ƙulli a wani shuɗin zare
da na rataye a ƙusa.
Ƙulli tara. Ƙulli goma.

A na sha ɗaya mafarki ya dawo.
Ashe shekara bakwai ina kwana kamar an rufe rijiya.
Sai ga Baba, da hularsa mai maiƙo,
zaune bakin Kubanni yana wanke ƙafa.
Bai yi faɗa ba.
Ya dai tambaye ni ina almakashinsa.
Na farka ina kuka kamar yau aka kai shi,
na tuna ranar da aka kai shi ɗin
a buge nake, na tsaya a sahun baya,
ban ji komai ba sai nauyin takalmina.

Wannan ba ya cikin lissafin Bawale.

Ruwan farko ya sauka ranar ƙulli na sha takwas.
Ƙanshin ƙasa ya shigo shago ba sallama,
na ajiye allura.
Da yamma na ci masa bakwai a Tudun Wada,
mai masar ta dube ni ta ƙara mini miya.
Daga kan babur na hango Kufena an wanke shi tas,
dutsen da na ɗauka hayaƙi ne ke ƙawata shi.

Kada a yi mini shaidar zur.
Har yanzu in iska ta kwaso warin daga lungu,
hancina kan riga ni juyawa.
Akwai daren da kaina ke cika da surutu
in rasa mai rage masa sauti,
in tuna yadda take yi, a hankali, kamar hannun uwa a ƙeya.

Yau ƙulli talatin.
Kuɗin da ban kashe ba sun cika gwangwanin madara.
Bawale ya aiko: sabon kaya ya iso, zuƙa ɗaya ta isa.
Na san gaskiya ya faɗa. Don haka na yi azumin.

Na sa takalmi. Na cire.
Na sake sa ƙafa ɗaya.
Ilu na kallona ta wutsiyar ido.
Zaren yana lilo a ƙusa,
da sauran tsawo a jikinsa.