Fiƙar Kakale

Babana Kakale bai yarda da almakashi ba.
In ya zauna gyaran taru a bakin Kwara,
can gangaren kasuwar Yauri inda jirage ke kwana,
yana gama ƙulli sai ya kai zaren baki,
ya danne da fiƙar hagu, ya ja,
har jijiyar wuyansa ta miƙe kamar tsirkiya.
Shekara arba'in da ɗoriya.
Zare ya yi wa haƙorin hanya,
'yar tsaga irin wadda igiyar guga ke bari a bakin rijiya.
Amma taɓa shi ka ji: ko gezau.

Ni kuwa ina Birnin Kebbi, a ɗaki mai sanyi,
cikin farar riga da ta yi mini yawa a kafaɗa.
A nan na gane ashe haƙori ba kafe yake ba
kamar ƙusa a katako.
A rataye yake.
Tsakaninsa da ƙashi akwai wata 'yar saƙa,
da ƙyar ta kai kaurin farce,
ita ke karɓar kowace tauna,
ta lotsa, ta dawo.

Daga haƙoran da aka cire wa mutane
muka samo ƙwayoyin wannan saƙa,
muka shimfiɗa su a kan fallen roba,
muka zuba musu ruwan abinci mai kalar tsinkakken zoɓo.
Inji ya ja robar, ya saki.
Ya ja, ya saki.
Dare da rana haka nan.
Malama Tumba ta ce lamba kawai zan rubuta,
kada in kuskura in ce "sun ji".
To, ban ce ba.
Sai dai waɗanda aka ja
sun fi saƙa furotin mai talewa,
na kwanon gefe, da ba a taɓa ba,
sun ci sun sha, sun yi ɗan abin da ya sawwaƙa.

Ran wata Laraba zumuɗi ya ɗebe ni
na ƙara wa injin ƙarfi fiye da kima.
Da safe na tarar sun ɓamɓare daga robar
suna yawo a ruwa kamar ƙaiƙayi.
Aikin wata biyu.
A bayan firiji na yi kukana, ba wanda ya gani.

Da na je gida
na same shi a kan kifaffen kwalekwale.
Na ce, Baba, akwai masaƙa a gindin haƙorinka,
duk jan da ka yi, su ke amsawa.
Bai ɗago ba.
Ya ce, wa ke biyan su?
Na ce, kai mana, da tuwon shinkafa da ƙarfasa.
Ya yi dariya har na hango can ciki:
turmin dama, na sama,
wanda abokin taunarsa ya faɗi tun shekarar ambaliya.
Ba abin da ke danna shi yanzu.
Ga shi ya zazzago, ya yi tsawo,
yana laluben wanda babu.
Shi ne ke hana shi barci.
Na dubi tabarmar da Inna ke zama tana yi masa ƙulle-ƙulle,
an naɗe ta an jingine da gawo.
Na yi shiru.

Na ciro almakashin da na sayo masa, sabo fil, a leda.
Ya juya shi, ya yaba, ya sa mini albarka,
ya tura aljihu tare da goro.
Sannan ya miƙo mini bakin zare,
ɗaya bakin yana tsakanin haƙoransa,
maganarsa na fita a cije:
riƙe nan.
Ja.
A'a, ba haka ba, za ki tsinka.
A hankali. In kin ji ya amsa miki, ki saki.