Cokalin Ruwa

A ɗakin maza na asibitin Mafara
akwai takarda manne a bango,
an sa ta a leda saboda zufar hannu.
Sista Balaraba ce ta liƙa ta da filasta
ranar da ta dawo daga kwas a Gusau.
Muka haɗa ido, muka ce, wata sabuwa.
Shekara tara ina jinya,
takarda ce za ta koya mini riƙon majinyaci?

Amma ni na san Malam Sanda tela.
Kafin zuwan takardar aka kawo shi,
baki a karkace, hannun dama kwance a cinya.
Matarsa ta damo kunun tsamiya tun daga gida,
ta ce tun jiya bai sa komai a ciki ba.
Tausayi ya kama ni, na karɓi ludayin,
na ba shi da hannuna.
Ya ɗan yi tari, na shafa bayansa.
Kwana uku ƙirjinsa na tafasa kamar tukunya,
rana ta huɗu aka naɗe shimfiɗarsa.
Ashe kunun ya saɓa hanya,
ya bar ta ciki, ya gangara huhu.
Ba wanda ya zarge ni, aka ce kwana ya ƙare.
Ni dai tun ranar ban ƙara shan kunun tsamiya ba.

Daren Laraba, damina na haɗa kayanta,
a-kori-kura ta ci birki a bakin ƙofa.
Nomau ne, manomin shinkafa daga Bakolori,
laka ba ta bushe a dugadugansa ba.
Na ɗaga kai, na bi bangon layi-layi.
Baba, yi mini murmushi.
Rabin fuska ya amsa, rabi ya yi shiru.
Ɗaga hannu biyu.
Na hagun ya sulale kamar igiyar guga.
Yaushe aka gan shi lafiya na ƙarshe?
Ɗansa Hantsi ya ce, bayan isha, yana sauraren rediyo.
Na rubuta lokacin a bayan hannuna
kafin a nemo fayil.
Na soki yatsa, sukari daidai.
Jini ya haura kamar gulbi a Agusta,
ban taɓa shi da ka ba, na bugo wa likita.
Na ɗaga kan gadon,
na sa filo a ƙarƙashin kafaɗar da ta saki.

Sai ga Kulu da kwanon fura.
Ɗiyata, ba shi ko kaɗan, yunwa gare shi.
Na ce, Inna, ajiye tukuna.
Ta dube ni kallon wadda ba uwa ta haifa ba.
Na zaunar da shi sosai,
ruwa cokali ɗaya,
yatsana a maƙogwaronsa, kunnena a buɗe.
Ya ƙware. Muryarsa ta fito a jiƙe.
Da jan biro na rubuta: kada a ba shi komai ta baki.
Siririn tiyo ta hanci ya zama ƙofar abincinsa.

Duk awa biyu sai mu juya shi,
ni da Lawisa 'yar Zuru,
ita ta riƙe kwankwaso, ni kafaɗa,
ba mai jan hannun da ya shanye.
In wuta ta ɗauke, da tocilan waya
muke duba gadon bayansa, kada gyambo ya yi sallama.

Rana ta sha ɗaya ya haɗiye cokali uku,
tari bai biyo baya ba.
Kulu ta buɗe kwanonta,
ta tsaya, ta dube ni tukuna.
Na gyaɗa kai.

Yanzu gefen takardar ya fara ɗagowa,
duk wata nakan sake mata filasta.
In ɗalibai sun zo, a gabanta nake tsayar da su.
Ba na ba su labarin Malam Sanda.
Farar rigata ta farko shi ya ɗinka,
tana ƙasan akwati, ba ta shiga ta yanzu.